Muciyar Inna a Bakin Zarto

A shekarun da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, kafinta a Kaura Namoda bai san zaman banza ba. Ofisoshi na son tebura, makarantu na son benci, da aka ƙaddamar da shari'a kuma sai kowace unguwa ta buɗe Islamiyya. Ni da yayana muna da rumfar kafinta a bayan tashar jirgin ƙasa. Da zarton hannu ya nemi ya tsinke mana kafaɗu, sai muka sayo tsohon injin tsaga katako daga Gusau, irin mai teburin ƙarfe da faifan zarto ke leƙowa ta tsakiyarsa.

Yaya mutum ne mai gaggawa, ko alwala yake yi sai ka rantse mota ce ke jiransa. Injin kuwa ya zo da mugun hali. In katako ya kai rabi sai ya cije, ya yi hayaƙi, gefensa ya ƙone baƙi ƙirin. Yaya ya ce ƙarfi yake so, ya riƙa danna masa. Ran nan muna tsaga katakon bencin wata Islamiyya ta Dauran, injin ya tofo falankin baya da ƙarfi, ya wuce ta gefen haƙarƙarin Yaya ya huda kwanon rumfa. Hannunsa ya zame, zarto ya ɗan lashi babban yatsansa.

Kafin ciwon ya bushe direbobin hanyar Shinkafi sun kai wa mahaifiyarmu labari a Badarawa. Sai ga Inna da ƙunshin kayanta, muciyarta na leƙe ta sama, don ita ba ta tuƙa tuwo da muciyar wata mace, ko da ta surukarta ce.

Yaya ne ɗanta na fari, saboda haka tana kunyarsa. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. Ta zauna a kan benci, shi yana tsaye a gabanta da tsumma a yatsa, amma ni ta fuskanta. Lokacin kuwa ba zancen da ake yi a kasuwa sai na yanke hannun ɓarawo.

"Ka gaya ma wancan," in ji ta, "in ƙarhen ga ya cire mai hannu, ba wanda za shi tsai da shi ya tambaya ko inji na ko alƙali. Ɓarawo za a ce. Ku sai da shi."

Raina ya sosu, don ina son injin nan, kuma rabuwa da shi rabuwa ce da aikin Dauran. Amma gaskiyarta ce. Na roƙe ta ta bar ni in duba shi a gabanta, in ya sake cije katako ni da kaina zan nemo mai saye. Ta gyara zama a kan bencin.

Ni dama sanyin jiki ne da ni, Yaya kan ce kafin in auna katako itacen ya sake toho. Ranar sanyin ya yi rana. Na zare wutar injin. Na sa alli na shaida haƙori guda a jikin faifan. A teburin akwai wani dogon kwari da ya bi gefen zarto, na sassaƙa guntun katako ya zauna cikinsa daram, na kafa masa ƙusa a kwance har bakinta ya taɓa haƙorin ta gaba. Na juya faifan, haƙorin ya koma baya, na zame katakon na bi shi. Ƙusa ba ta taɓa ba, akwai ratar da farce zai shiga. Ashe faifan a karkace yake, bayansa na matse katako da sandar ƙarfen da katakon ke jingina da ita, shi ya sa yake cijewa.

Na kwanta a ƙarƙashin tebur na sassauta notuna, na dafa katako na ɗan ƙwanƙwasa da guduma, na fito na auna. Ya yi daidai, ina ɗaurewa ya sake gocewa. Haka na yi ta shiga da fita, garin katako har cikin kunne, Yaya yana safa da marwa yana duban rana. Da ƙusa ta taɓa gaba da baya iri ɗaya, na daidaita sandar ƙarfen, na sa sikwaya, ƙarfen auna kusurwa, na miƙar da faifan tsaye, na saukar da shi har ya zama ƙwayar haƙoran kaɗai ke fitowa saman katako.

Yaya ya yi bismilla ya tura falanki. Ya wuce sumul, ba hayaƙi, ƙarar ma ta yi laushi. Daɗi ya kama ni, na juya in ga fuskar Inna. Ita ba katakon take kallo ba. Hannunsa take kallo, yadda yatsunsa suka ratsa dab da zarto a ƙarshen turi.

Ta kwance ƙunshinta, ta zaro muciyar, ta miƙo mini. Ta sa na yanke mata ɗan baki a ƙasa yadda za ta kama gefen katako.

"Ka ba wancan. Da ita za shi turi. Kada hannunshi ya sake kai wurin ga."

Yaya ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ita kuwa ta kau da kai tana tambayata ko an fara shuka a nan. Da yamma ta tuƙa tuwo da muciyar matata, tana mita ba ta da nauyi.

Benci ya tafi Dauran, wasu suka bi shi Zurmi da Gurbin Bore. Gaggawar Yaya ba ta je ko'ina ba, muciyar ce ta riƙa shan wahalarta. Yau ta gajarce, jikinta duk tabon zarto, tana rataye a ƙusarta kusa da makunnin wuta. Ranar da Inna ta rasu, Yaya ne ya shiga kabari ya karɓe ta, da hannuwansa biyu, yatsunsa goma cif.