Zaren da Na Yanke

"Wa ya yi wannan liƙin?"

Alƙalin gasar ne, wani dattijon injiniya mai farin tabarau, ya ɗaga murfin akwatin yana leƙa ciki. Ba ni yake tambaya ba. Ƙanwata yake tambaya, ita da ƙawayenta biyu, suna tsaye a bayan tebur cikin hijabin makaranta. Ni ina can bakin ƙofar ɗakin taro inda aka ce 'yan rakiya su tsaya. Na san amsar, don ni na yi.

Gasar kimiyya ce ta makarantun sakandare a nan Dutse, wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci jiha a Abuja. Doka kuwa kowa ya santa: babba kada ya sa hannu. Su ƙanwata 'yan ajin ƙarshe ne, daga wannan babu wata. Wata uku suka yi suna haɗa na'urar korar jan-baki. Tana da ɗan ido mai ganin motsi, da tsuntsaye sun sauka sai ƙaramin inji ya fizgi igiya, gwangwanaye su hau ƙara. Daga gonarmu ta Miga ƙanwata ta samo dabarar, don ta sha yini a cikin gero tana ihu har muryarta ta dishe.

Ni a aji uku na ajiye boko. Ba wai ba na ganewa ba ne, zaman ne ba na iyawa. Malami na magana, ni ina kwance biron wani. Yanzu ina da 'yar rumfa a bakin kasuwa, ina gyaran fanka da rediyo da fitilar sola.

Ana gobe gasa malamarsu ta kimiyya, wata 'yar Filato mai kirki, ta kira ni. Ta ce motar makaranta ta cika, in taimaka in ɗauki akwatin a babur, in kai da safe. Na je na ɗauko bayan azahar, na ajiye a rumfa. Wallahi na yi niyyar ba zan taɓa ba. Na gyara fanka ɗaya, na je na sha rake, na dawo, na yi la'asar, na zagaya shi sau biyu. Sai na ce bari dai in leƙa.

Kai! Wayoyi ne a cukurkuɗe, wata doguwa wata guntuwa, dalmar liƙi guda-guda kamar an ɗiga kunu. Kuma kowace waya an ɗaura mata zaren ɗinkin hula, wannan ja, wannan kore, wannan ruwan ɗorawa. Mu a sana'armu, ogana ya koya mini, in mai kaya ya buɗe ya ga aiki a hargitse, ka gama zubar da mutuncinka ko da abin yana yi. Na ce haba, a buɗe wannan a gaban manya, a ce ƙanwar mai gyara ce? Na ɗauko almakashi. Na cire wayoyinsu duka da zarensu, na sa sababbi daga ƙullin baƙar wayar da nake aiki da ita, na jera su sambal, na liƙe tsaf. Na gwada, gwangwani ya yi ƙara. Na rufe, ban gaya wa kowa ba. Har daɗi nake ji.

To shi ne yanzu ƙanwata ta leƙa akwatin, karo na farko tun da ya bar hannunta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago, ba ta ma nemi inda nake ba, kai tsaye idonta ya faɗo kaina.

Malama ta ce, "Yallaɓai, a gabana yaran nan suka yi komai."

Ya ce, "Malama, na tsufa a kan liƙin waya. Wannan hannun kasuwa ne."

Ban san lokacin da na tsallake igiyar da aka tare mu da ita ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Wayoyin kawai na canza, ba su ma sani ba. Amma dabara da komai nasu ne."

"Kai ɗan wane aji ne?"

"Ni yayanta ne."

Wasu samari 'yan teburin kusa suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce, "Ashe da injiniyan haya aka zo."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce in dai nasu ne, za su iya maimaitawa. Ya sa aka tsinke kan wayoyin duka, ya ba su minti ashirin su mayar da hannunsu. Ni kuma ya nuna mini ƙofa.

Na fita na zagaya ta taga. Sai a lokacin na gane amfanin zaren. Ja na batir ne, kore na ido, ruwan ɗorawa na inji; da shi suka haddace abin, da shi suke kiran kowace waya. Yanzu ga wayoyi goma sha ɗaya, duk baƙaƙe, duk tsawonsu ɗaya. Ƙanwata tana bin ɗaya da yatsa, ta ɓace mata a tsakani, ta sake komawa farko. Ƙawarta ta ce, "Wannan ce ja?" Ta ce, "Ina na sani!"

Na bar tagar, na je gindin bishiyar maina, na dawo. Na sake tafiya, na sake dawowa. Na ga ɗayar ta ɗauki wayar batir za ta kai inda ba nan ba, na buɗe baki, mai gadi ya dafa kafaɗata.

"Malam, wanda ka yi bai isa ba?"

Na rufe bakina. Suka haɗa, suka kunna. Ɗan hayaƙi ya tashi siriri, warin da na fi kowa sani ya iso har taga. Idon na'urar ya ƙone. Dattijon ya duba agogo, ya rubuta wani abu, ya wuce tebur na gaba.

A bakin get na tsaya da babur har aka tashi. Ƙanwata ta fito rungume da akwatin, ta ƙi ba ni in ɗauka. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi.

"Yaya, da ka tambaye ni mana."

Ta shiga mota, ta ɗora akwatin a cinya.

Ban koma rumfa ba. Na bi hanyar Kiyawa ba tare da ina da inda za ni ba, na yi nisa, na juyo. A makarantar kwana take, ba a barinsu da salula, sai ta hannun Malama. Na tsaya a gefen titi na rubuta, na goge, na sake rubutawa, na tura:

"Salam Malama. Ni ne yayanta. Don Allah in akwai inda ake kai kuka ki gaya mini, zan je in faɗa da bakina ko a gaban waye. Ki ce mata Baba ni zan gaya masa, kada ta ce ita ce ta kasa. Ranar ziyara ba zan zo ba sai in ita ta ce in zo. Ki yi haƙuri, ki ba sauran biyun haƙuri."