Shekara Biyu Ba Wanda Ya Kira Sunansa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu turo saƙo suna tambayar ko lafiya, ku yi haƙuri. Ba girman kai ba ne, bakin maganar ne ba ni da shi.

Ɗana Garba ba ya ji sosai, kuma mun daɗe ba mu sani ba.

Ni ina Fatakwal, kasuwar albasa. Matata Hadiza tana gida Unguwar Lalle, wurin Innata. Sau biyu nake zuwa a shekara, wani lokaci sau ɗaya.

Yana wata takwas sanƙarau ya kama shi. Kwana tara a asibiti, ya tashi, muka gode Allah. Ba wanda ya ce a duba kunnensa. Ban zargi ma'aikaciyar jinyar da ke wurin ba, ita kaɗai ce a kan ɗakin yara gaba ɗaya. Amma magana ce ta minti ɗaya.

Ga inda muka yi namu kuskuren. Garba ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mahaifina ya ci. Hadiza ba ta kiran sunan, na surukinta ne. Ba ta yi mishi wasa gaban mutane, ɗan fari ne. Inna ma ba ta faɗin sunan mijinta, Maigida take ce mishi, kuma kullum yana hannunta. Yaron da ba a kira daga nesa, ta ina za a gane ba ya waigowa?

Ya shekara biyu ba kalma ko ɗaya. Na yi magana a waya, Inna ta ce, “Nauyin baki na, gadon gidanku. Kai ma sai da ka shekara ukku.” Kawuna malami ne, ya yi rubutu aka ba yaron ya sha. Ban raina ba. Kowa ya yi abin da ya sani.

Da na zo babbar Sallah, faranti ya suɓuce a bayansa ya bugi ƙasa. Kaji suka watse. Shi ko ƙyafta ido bai yi ba. Na koma bayansa na ɗaga murya na ce, “Garba!”

Inna ta ce, “Subhanallahi, sunan ubanka kaka kira haka tsakar gida?”

Bai waigo ba.

Sau uku muka je Sakkwato, a kan hanyar nan da kuka san halinta, kafin layi ya zo kanmu. Aka ba shi maganin barci, aka liƙa mishi wayoyi a kai. Likita ya ce, “Kunnen hagu ya tafi. Na dama akwai saura. Da kun zo da wuri da ya fi, amma ba ku makara gaba ɗaya ba.”

Babur ɗina na sayar muka sayi na'urar da ake maƙalawa a kunne. Batirinta kuma babu shi a kasuwarmu ta Sabon Birni.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe na'ura ba ta koyar da magana. Aka tura mu wurin wata malama mai horar da yara irinsa. Ta zaunar da Hadiza a tabarma, fuska da fuska da shi, ta ce ta kira sunansa.

Hadiza ta sunkuyar da kai. “Ba ni iyawa, Malama. Sunan surukina na.”

Malamar ta ce, “Surukinki ya ji sunansa har ya tsufa. Wanga bai taɓa jin nashi ba.”

Ba ta kira ba ranar. Sai da muka koma gida na ba Inna labari. Na yi zaton faɗa. Sai ta dubi Hadiza ta ce, “Kira shi, ɗiyata. Ni na yafe, kuma da mai sunan na raye shi ma da ya yafe.”

Bayan nan sai aiki. Sakkwato duk mako biyu, in hanya ba ta biyuwa a yi ta waya. Kullum Hadiza na gabansa tana nuna mishi abu tana faɗi. Ruwa. Gero. Akuya. Maƙwabta suka ce ta cire kunya. Wasunsu 'yan uwana ne, kuma na ji sunayensu.

Wata bakwai ana haka ya ce “ruwa”. Yanzu yana haɗa kalma biyu, yana waigowa in an kira shi. Ba warkewa ce irin ta zazzaɓi ba. Kunnen hagu ba zai dawo ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa malamar nan, da Inna da ta sauko, da abokan kasuwa da suka riƙe min rumfa. Hadiza kuwa ban san irin godiyar da ta isa ba.

Shawarata: in yaro ya tashi daga sanƙarau, ko ya yi ciwon shawara yana jariri, ku nemi a gwada jinsa ko ba a ce muku ba. Ku tsaya bayansa ku tafa, ku kira shi. In ya kai shekara ɗaya da rabi ba kalma, kada ku jira ta uku don wani kakansa ya yi nauyin baki.

Har yanzu bai ce Baba ba. Malamar ta ce ba za ta koyu ta waya ba, sai na zauna gabansa ya ga leɓena. Na ba wani rumfar. Za ni gida.