Mai Ƙirga Numfashin Kusu

Baba Hodi, manomin shinkafa daga Zauro, ya kawo buhun dusa wani ɗakin bincike a Birnin Kebbi, ga shi tsaye bakin taga ya kasa tafiya. Shekara hamsin yana bin kusu da sanda a gindin rumbu, yau ga wata mata tana lallaɓa ɗaya kamar jinjiri.

Siririya ce, farar riga a kan atamfa, tabarau ya zamo mata har karan hanci. Ta sa ɗan farin kusun cikin kwalba, ta zuba masa ido, leɓenta na motsi tana ƙirge. Yakan yi ta haki, sai numfashin ya tsaya cak. In ya tsaya, ita ma sai ta riƙe nata.

"Malama, kusu na fa!" in ji Hodi.

"Na sani, Baba. Da ciwon aka haife shi. Akwai yara mata masu irinsa. In mun gano abin da ke tsayar da numfashin, wataƙila mu taimake su."

Ba ta ce ɗiyarta na cikinsu ba. Amma Hodi na ganin yadda take bubbuga tebur a hankali, irin bugun da uwa ke yi wa bayan goyonta. Hannun nan ya saba da rarrashin yaro mai ciwo.

Cikin kusun ya motsa. Ta sauke ajiyar zuciya. "Yauwa, ɗan albarka."

Sai yanzu Hodi ya lura shi ma tun ɗazu bai shaƙi iska ba.