Na Hana Mahaifiyata Salla Saboda Safa

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi, a kuma sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ya daɗe yana cin raina.

Lokacin da abin ya faru ni matar aure ce a Fadaman Mada, ban daɗe da shiga Islamiyyar matan aure ta unguwarmu ba. Karatun bai je ko'ina ba, amma kai ya riga ya kumbura. Dama can ni mai baki ce, ba na ganin abu in yi shiru. Duk abin da na ji a aji da safe, kafin yamma na sauke shi a kan wata. A gidan biki mata na hango ni sai su fara jawo gyale suna cewa ga Malama nan tafe. Ni kuwa sai washe baki, ban san zolayata suke yi ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana gidanmu na gado a Ƙofar Wambai tare da ƙanena da matarsa. Tun tasowata ban taɓa ganin an kira salla ta ci gaba da zama ba, ko tuwo take tuƙawa sai ta ajiye muciya. Kwatsam hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannu ya mutu, ƙafa ta kumbura, magana ma sai an kasa kunne. Duk da haka ba ta bar salla ba. Matar ƙanena kan ajiye mata buta da roba kusa da katifa, ta lallaɓa ta yi alwala, ta yi sallarta a zaune.

Wata rana na zo gaishe ta na tarar tana la'asar. Ɗankwalin da ta naɗa da hannu ɗaya ya zame, furfura duk a waje, mayafi ya sauko kafaɗa, ƙafafu a miƙe babu komai a kansu. Wallahi ko addu'a ban bari ta shafa ba. Na ce mata wannan ai wahalar banza ce, macen da gashinta ko ƙafarta ke buɗe ba ta da salla. Da ƙarfi na faɗa, har matar ƙanena ta leƙo daga madafi. Ni ce 'yar fari, Inna kuwa irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari: ba ta kama sunana, ba ta musu da ni, ba ta taɓa buɗe baki ta nemi wani abu a wurina ba. Sai ta sunkuyar da kai. Can ta tambaya a hankali ko har waɗanda ta yi tun kwanciyarta duk sun tashi a banza. Na ce Allah ne masani, amma dai a gyara.

Washegari na kawo mata dogon hijabi mai igiyar ɗaurewa a ƙeya, da safa. Na ɗaura mata da kaina, na sa mata safar da ƙyar saboda kumburi, na koma gefe ina jin na yi aikin lada. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina yadda mai hannu ɗaya za ta ƙulla igiya a bayan kanta ba, balle ta kai hannu ƙafar da ba ta lanƙwasuwa. Matar ƙanena ta yi tayin ta riƙa sa mata, amma ina! Inna ba za ta bari surukarta ta durƙusa ta riƙe mata ƙafa ba. Kullum sai ta ce mata ai ta riga ta yi sallarta.

Ni kuma kusan kullum nakan hau keke napep bayan la'asar in zo. Da na sa mata kayan sai ta tayar da salla, ta yi ta yi, ta sallame ta sake tayarwa, har gumi ya jiƙa hijabin. Na ɗauka nafila ce. Har alfahari na yi a Islamiyya cewa tun da na gyara wa Inna sutura ibadarta ta ƙaru. Ashe asuba da azahar da duk abin da ya wuce ta take ramawa, domin ta daina salla sai ina nan. Matar ƙanena ta taɓa ce mini ita fa ba ta ganin Inna na taɓa buta da rana. Na harare ta na ce ta kula da tukunyarta.

Ana haka ƙaramar 'yata ta kamu da ƙyanda, aka kwantar da mu a asibiti. Kwanaki ban taka Ƙofar Wambai ba. Wata rana da azahar matar ƙanena ta kira ni a waya, ta ce Inna ta ce a gaya wa babbar yarinyar nan ta daure ta zo. Inna da ba ta taɓa aikowa a kira ni ba! Amma hankalina na kan 'yata, na ce a gaishe ta, gobe ina tafe. Kafin magariba aka sake kira, ciwon ya sake bugunta, baki ya rufe. Ba ta ƙara magana ba har Allah Ya karɓi ranta.

Sai a zaman makoki matar ƙanena ta ja ni ɗaki tana kuka ta ba ni labari. Ta ce a ranar da ta kira ni ta ji motsi, ta shiga ta tarar Inna ta faɗo daga katifa, safa a hannun hagu, ta yi ta kokawar kai ta ƙafa har ta kife. A nan Inna ta fashe da kuka ta gaya mata gaskiya, cewa tun ranar da na daina zuwa ba ta yi salla ba, tana tsoron ta yi wadda ba za a karɓa ba. A ranar ce kaɗai ta yarda surukarta ta sa mata safar. An sa ƙafa ɗaya, ana lallaɓa mai kumburin, bakin Inna ya karkace.

Bayan sadakar bakwai na je wurin malamarmu na zayyana mata komai. Ta yi salati ta riƙe baki. Ta ce ita ba ta taɓa koya mana haka ba. Ta ce suturar salla wajibi ce, amma a littattafan da muke karantawa ko mai lafiya ce gashinta ko ƙafarta ta buɗe, ana so ne ta sake in lokaci bai fita ba, ballantana mara lafiya, wadda ke salla yadda ta iya. Wato sallar da na tarar Inna na yi, da furfurarta a waje, ita ce daidai. Ni ce na shigo na ɓata.

'Yan'uwana mata, musamman mu da muka fara karatu da girma, don Allah mu ji tsoron Allah da bakunanmu. Sutura gaskiya ce, har gobe ina sa hijabina, amma kafin ki ce wa wata ba ta da salla, ki je ki tambayi wanda ya sani, ki kuma dubi halin da take ciki. Tsofaffinmu ba sa musu da mu, haɗiyewa suke yi su tafi da shi. Ni dai a ranar na roƙi malamar ta gaya mini ko zan iya rama wa Inna sallolin da ta rasa, ko nawa ne zan yi. Ta girgiza kai ta ce wani ba ya yi wa wani salla, sai dai addu'a. Shi ya sa na rubuto. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa mahaifiyata a addu'a.