Kwanon da Nake Mayar wa Inna

Yayana ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa. Da aka kulle shi a gidan yari kan rigimar iyakar gona, yana jiran shari'ar da ba a sa wa rana ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma je ba. Tuwo take tuƙawa, ta miƙo mini kwano, in taka daga Ƙofar Gayan in kai masa. Sai na ci loma a gaban gandiroba kafin a shigar da shi.

A wata na huɗu tari ya kama Yaya. Ya ce a ɗakinsu da gefe ake kwanciya saboda cunkoso, bokiti ɗaya ne ban ɗakin kowa, ƙazuwa kuwa ta gama cin hannuwansa. Na nemi malamin ɗakin magani na zazzage masa masifa. Bawan Allah kabad ɗinsa kawai ya buɗe mini: fanado da bandeji.

"Asibiti sai an sa hannu, Malama," in ji shi. "In an sa, sai an samu mota."

Ranar da na fara ganin jini a hannun rigar Yaya, ya ce, "Inna lafiya? Ki ce mata..." Sai ya sunkuyar da kai. "A'a, bar shi." Shi ma kunyar ce ta hana shi neman uwarsa.

A gida Inna takan tambaya tana kallon murhu: "Ya mutanen can?"

"Suna gaishe ki," nake cewa. Ni da bakina ba ya shiru a kan komai, a nan ya mutu. Ina jira ta tambaye ni kai tsaye, ita kuma tana jira in faɗa.

Da ya daina iya cin abinci, sai na riƙa cewa a ba 'yan ɗakinsu, in wanke kwanon kafin in shiga gida. Inna ta ga kwano yana dawowa fes, ta ɗauka lafiya ce, har ta ƙara malmala guda. Wannan abin har yau yana ci mini rai.

Wata safiyar Alhamis gandiroba ya ƙi karɓar kwanon, ya ce in kira maza. A cikin bargo aka miƙo mana Yaya.

Bayan addu'ar uku, da mata suka watse, Inna ta kira ni ɗaki.

"Tun yaushe yake ciwo?"

"Wata uku, Inna."



"Ni ba ni da bakin tambaya," ta ce. "Amma da kin faɗa, ai ina da ƙafa."