Kujerar da Kika Ce Zan Ajiye

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran malamarmu ta motsa jiki, wadda muke kira Anti Miƙe, bayan ɗan gajeren zazzaɓi. Sai yau hannuna ya iya riƙe alƙalami.

Anti, a ranƙwafe na zo miki. Keken ɗinki ya cinye mini baya, har ta kai a kan kujera nake salla, goshina ya manta da ƙasa. A ɗakinki na saman bene babu ƙarfen ɗagawa, babu tsalle-tsalle, sai shimfiɗun roba da dogon madubi. Na ce a raina, yanzu kwanciyar nan ce magani? Kika sa tafin hannunki a ƙarƙashin ƙuguna, kika ce, "Danne hannuna a hankali, ki saki numfashi. Ba dambe muke ba, Tela." Kafin in tashi na jiƙe sharkaf da gumi.

Ke kika koya mana cewa ciki ne ke riƙe baya. Duk wanda kika gani ya lanƙwashe, yatsu biyu kike ɗora masa tsakanin kafaɗu, ki ce, "Miƙe." Ko maigadin benen bai tsira ba. Ni kuwa kullum sai kin tsokane ni: "Yaushe kujerar nan za ta yi ritaya?" Kika sa na yi alkawari ke zan fara faɗa wa ranar da na ajiye ta.

Ranar Litinin, kwana biyu kafin rasuwarki, a sallar la'asar, goshina ya taɓa ƙasa. Na ɗauki waya, na ajiye, na ce bari sai ajin Alhamis, in ga fuskarki. Ashe babu rabo. Abin nan yana cin raina, Anti, har yau na kasa haɗiye shi.

A gidan rasuwa muka zauna a ƙasa, hawaye na zuba, amma bayan kowannenmu a miƙe. Ba wanda ya gabatar da mu. Mahaifiyarki ta dube mu ta ce, "Ku ne 'yan ajinta ko?" Nan kuka ya ƙwace mana.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Mama, da maigidanki, da 'yan yaranki, Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Kujerar tana bayan ƙofa, Anti. A cikin sujada nake miki wannan addu'ar.