Kawu Kalilu Bai Ce A Hau Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna, Alhaji Kalilu Zango, yana da shekara saba'in da tara. Yau kwana tara ke nan.

Kawu, kowa a kara, kasuwar dabbobin Mai'adua, ya san ka da awaki, amma ba kowa ya san inda ka koyi kiwonsu ba. Kana saurayi ka bi hanyar Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare maka a Jibuti, ka yi shekara goma sha ɗaya kana kula da dabbobi a jiragen katako masu tsallaka mashigin Babul Mandab zuwa Yaman. Da ka dawo ka kafa randa a ƙofar gidanka, ba ta taɓa bushewa ba. Ka ce wanda ya ji ƙishirwa a tsakiyar ruwan gishiri ba ya barin mai wucewa ya roƙi ruwa. Da mijina ya rasu, kai ka nome mana gona damina uku, ko godiya ba ka tsaya ji ba.

Muna yara kakan zana mana mashigin nan a ƙasa da sandarka. Ƙwallon goruba shi ne tsibirin Mayyun da ya raba ruwan gida biyu: ƙaramar hanya ta ɓangaren Yaman, da babbar mai zurfi. Ƙwallayen dabino su ne ƙananan tsibiran gefen Jibuti, duwatsu tsirara, babu ruwan sha. Ka ce ruwan sama-sama yana tafiya wata nahiya, na ƙarƙashi yana komawa wata, wanda ya faɗa ciki ba ya sanin ina za a kai shi. Mu kuwa dariya muke yi, don ruwan da muka sani bai wuce na rijiya ba. 

Wata biyar ke nan ɗana Ikrima yana garin Obok, a bakin wannan ruwa, yana jiran kwale-kwalen da zai tsallaka da shi neman aiki a Saudiyya. Ya bar gida ba da sanina ba. Na yi kuka, na yi faɗa a waya, ko a jikinsa. Kai da ka kira shi ba ka hana shi ba, cewa ka yi: "Za ka tafi, amma na fi ka sanin ruwan nan. Rantse mini ba za ka hau ba sai na ce ka hau." Ya rantse.

Tun daga nan kullum da dalilinka. Da farko iskar arewa ce ba ta kwanta ba. Da ta kwanta, ka ce ta kudu ta taso. Na tambaye ka yaushe za ka ba shi izini, ka dube ni ka ce: "Adama, na ga abin da ruwan nan yake mayarwa bakin gaɓa. Babu ranar."

Kawu, ban gaya masa ka rasu ba. Tsoro nake ji. In ya ji, zai iya cewa rantsuwa ta bi mai ita kabari. Wayarka tana hannun matarka, Hajiya Laraba, saƙonninsa na murya suna ta shigowa, muna saurare muna kasa amsawa. Jiya ya ce masu jirgi sun sa ranar Asabar, mutum sittin a kwale-kwale ɗaya, kuma in bai ji daga gare ka ba zai ɗauka shirunka izini ne. Jibi ke nan. Ɓoyewar tawa ce za ta tura shi ruwa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara kamar yadda ka shayar da bayinSa. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Laraba, da 'ya'yanka Saminu da Siddiƙa, da abokan sana'arka na Zango da Mai'adua. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ikrima, kai zan fara tura wa wannan rubutu. Ka yafe mini kwana taran nan. Kawu ya rasu, kuma bai ce ka hau ba. Don Allah ka amsa wayata.